Mata Uku a Faifai Ɗaya

Wankan jego ya kai ni Amurka. Kwana arba'in aka ce, in an yi arba'in in ƙara 'yan makonni in ga gari, in komo Zariya kafin azumi. Da wannan lissafi na cika akwatina da busasshen ganyen darbejiya da kanwa da yaji, sai wani abu guda da na naɗe cikin zannuwa na cusa a tsakiyar kaya, wanda ba na jego ba ne.

Faifan garmaho ne, baƙi, mai nauyi, irin wanda in ya faɗi ya gama yawo. Babanmu ma'aikacin reluwe ne. Tun yana saurayi, zamanin da ba a ganin garmaho sai a gidan masu hannu da shuni, kantunan Turawa suka fara kawo wani ƙarami mai sauƙin kuɗi, marar ƙaho, mai kamar akwatin hannu da ake wanawa ta gefe. Baba ya yi ta tari har ya saya, zaurenmu ya koma wurin hirar unguwa. Bayan shekaru wasu masu ɗaukar murya suka zo gari, suka ɗauki waƙar wata zabiya ta unguwarmu, mata uku na yi mata amshi da kiɗan ƙwarya. Ɗaya daga cikin ukun nan uwata ce. Mutane suka yi ta surutu a kan Baba ya bar matarsa ta shiga faifai, shi kuwa ya toshe kunne ya je ya sayo. Shekara ba ta zagayo ba Inna ta rasu a kan gwiwa wajen haihuwata, shi ya sa ake ce mini Talle. Ina rarrafe garmahon ya lalace, aka rasa mai gyara, ya yi ta yawo daga ƙarƙashin wannan gado zuwa wancan har ya ɓace. Na girma, na yi aure, na aurar, ban taɓa jin abin da ke cikin faifan ba.

Yayana Garba ne ya adana shi. Tela ne, ya ɗinka wa rabin unguwa kayan salla kafin idanunsa su rufe. Shi ya danƙa mini faifan, ya ce, "Talle, an ce mutanen can ba sa zubar da tsohon abu. Ki samo mana garmaho. Tafi da wannan ki gwada kafin ki biya, kada ki yi cinikin biri a sama. In kin dawo mu zauna in nuna miki muryar Inna, don duk duniya ni kaɗai na rage da zan iya ware ta."

Zangona na farko a can wani gari ne, Alexandria, a wani dogon bene da in ka leƙa ƙasa sai kanka ya juya. Tagogin ma ba sa buɗuwa sai ɗan tsagi. Wadda na zo wa 'yata ce ta fari, ba na faɗin sunanta, Likita nake ce mata tun kafin ta zama likitar. Ran da na fito da kanwa zan dama kunu ta riƙe mini hannu.

"Mama, don Allah ban da kanwa. Tana kumbura zuciyar mai jego, a asibiti mun sha gani."

Na ce, "Mu da aka ɗura wa, ga mu nan a tsaye."

"Waɗanda ba su tsaya ba fa, Mama?"

Na mayar da kanwata. Ganyen darbejiya kuwa, ranar da na cika manyan tukwane na tafasa shi, tururi ya tashi, wata ƙararrawa a rufin ɗaki ta kama ihu, mijinta ya fito a guje da tawul yana yi mata fifita. Daga ranar aka koma ruwan famfo mai zafi, ni kuma na koma mai miƙa sabulu. Duk da haka na yi mata gashi, na yi mata farfesu, na goya jaririya Amira, muka ga arba'in lafiya.

Bayan arba'in ne igiya ta fara shiga ƙafata. Likita ta koma aiki, yau safe gobe kwana. Mijinta injiniya ne a wani kamfani mai yi wa gwamnati aiki, yana fita gari bai gama wayewa ba. Wata rana Likita ta same ni ina ninke kaya, ta tsaya a bayana, ta ce, "Mama, in kin tafi wa zai riƙe Amira? Gidan renon nan kuɗinsa ya kai kuɗin haya, kuma ba su san tsarki ba. Ki bari a yaye ta." Ana cikin haka suka nema mini takardun zama, lauya ya ce in na fita ƙasar kafin su fito komai ya rushe, wata ƙila ma ba zan sake samun shigowa ba. Babu wanda ya kulle ni. Makullin gida na hannuna, firji cike, ana ce mini Mama ana durƙusa mini. Ɗaurin talala ne kawai, kuma kunya ta hana ni tsinkewa. Yaya zan dubi idon 'yar fari in ce mata na gaji? Ko sunanta ban iya kira ba, balle in yi mata gardama. Na ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na haɗiye.

Wuni nake a bakin taga da yarinya a baya, ina kallon motoci a babban titi, ba wadda ta taɓa tsayawa domina. Maƙwabta in kun haɗu a lif, na'urar hawa bene, sai su yi maka ɗan murmushi su mayar da ido kan lambobi. Ba mai sallama, ba mai aron tsintsiya, ba mai talla. Kiran salla ma agogon bango ke yi, kullum murya ɗaya, ba ya tari ba ya makara. Wallahi har kukan akuyar maƙwabciyata da nake zagi a Zariya sai da na yi kewa.

Ranar Juma'a nakan kankare katin waya in kira gida. Yaya ba ya bari mu gama gaisuwa.

"Talle, ina garmahona?"

"Ana nema, Yaya."

"A ƙarƙashin gado kike nema? Arba'in ɗin Amurka wata nawa ce?"

Sai in yi dariya, kafin in sami amsa wata Baturiya ta shigo cikin wayar ta ce kati ya ƙare. Gaskiyar magana ban san ta inda zan fara ba. Ban san sunan abin da Turanci ba, kuma ina jin nauyin surukina ya ji tsohuwa kamata tana cigiyar kayan kiɗa.

Landover ce ta buɗe mini ƙofa. Can ake kai ni ranar Asabar sayen gari da manja da naman halal, a wani kanti mai warin daddawa da busasshen kifi, warin da na riƙa shaƙa kamar turare. Wata rana ina taɓa kuɓewa na ji an ce a bayana, "Wagga kuɓewa ta tsuhwa, Hajiya, ɗauki ta ƙasa." Na juya da sauri har mayafina ya zame. Malam Isuhu ke nan, mutumin Maraɗi, direban tasi, dattijo mai furfura a gemu, ya bar iyali a gida ya fi shekara goma. Muka gaisa gaisuwa ta gaske, da gajiya da iyali da sanyi, har mai kanti ya gaji da jiranmu. Shi ya haɗa ni da mai kantin na fara kai dambun nama ana sayar mini, na kuma riƙa yi wa 'ya'yan ƙawayen Likita kitso. Da na ga ɗan abin hannuna ya taru, na gaya masa buƙatata.

Ya ce, "Bon. Akwai kasuwar tsohwahin kaya ran Lahadi, cikin wani hili da ake aje motoci. Ki ce ma ɗiyarki lokotoro ta riƙe ɗiyarta, mu tahi."

Lokotoro a bakinsu likita ke nan. Muka je. Abin da mutanen nan ke sayarwa, a gida ko kyauta aka ba ka sai ka yi fushi: takalmi ƙafa ɗaya, kofi marar hannu, hoton kakan wani. Can ƙarshen layi na hango shi. Ƙaton ƙaho na tagulla yana walƙiya a rana, akwatin yana sheƙi. Na Baba ba haka yake ba, amma zuciyata ta ce ai wannan ya fi, Yaya ko bai gani ba zai shafa ya ji girma. Mai kayan, wani jan mutum mai tumbi, ya rantse wa Malam Isuhu cewa ya shekara ɗari, daga gidan wata attajira ya fito. Ya ɗora nasa faifan, abin ya yi 'yar ƙara kamar mai mura. Na fito da nawa daga jaka, sai na ga yadda allurar ke noman nasa, hannuna ya ƙi miƙawa. Na mayar da faifaina, na biya, muka ɗauko.

A gida na wana shi sau uku, wani abu ya ce ɓas a ciki, mariƙin ya biyo hannuna. Surukina ya buɗe ƙasansa, sai ga sabon katako yana warin gam. Ya duba kwamfuta, ya yi gyaran murya, ya ce cikin ladabi, "Mama, irin waɗannan yanzu ake ƙera su don a yaudari mutane. Da kin faɗa mini." Likita ta fara dariya, ta dubi fuskata, ta shige kicin. Lahadin da ta biyo muka koma, wurin mutumin wata mata ce ke sayar da labule. Malam Isuhu ya fi ni baƙin ciki, ya ƙi karɓar kuɗin mota, yana ta cewa shi ya kai ni. Ranar Juma'a na ce wa Yaya har yanzu ana nema.

Amira na tafiya da ƙafarta muka tashi zuwa Greenbelt, gida marar bene mai ciyawa a gaba da 'yar baranda. An yaye ta, takardu ba su fito ba, azumi biyu sun wuce ni a ƙasar mutane. Na jefa garmahon ƙarya a baranda, yarinya ta mayar da ƙahon abin wasa, tana cusa kai ciki tana kiran sunanta.

Ƙofa da ƙofa da mu akwai wata tsohuwa baƙar fata, Misis Loreta, ta yi ritaya daga wani ofishin gwamnati, tana tafiya da sanda. Da hannu muke gaisawa. Na taɓa kai mata ƙosai, ta dawo mini da kwanona da wani kek mai zaƙin da ya kusa cire mini haƙori. Wata safiya ta tsaya a barandarmu, ta ƙwanƙwasa ƙahon da sandarta, ta girgiza kai tana dariya. Na yi mata alamar wanawa, na yi alamar karyewa, na shiga na fito da faifaina na nuna mata. Ta daina dariya. Ta kama hannuna ta ja ni gidanta, ta nuna mini saman kabad. Na hau kujera na sauko da wani baƙin akwati mai ƙura, gefensa ya goge, makullinsa ya yi tsatsa. Tun kafin a buɗe na san shi, don kuwa haka Yaya ya sha kwatanta mini na Baba.

Na kira Malam Isuhu ya zo ya yi mana tafinta. Ta ce na mahaifiyarta ne, wadda ta yi wankau a gidajen Turawa, ta saye shi da biya kaɗan-kaɗan saboda shi ne mafi araha a kantin. 'Ya'yanta ba mai so, in ta mutu bola za su kai shi. Ta ce in ɗauka. Na ce ban yarda ba, saye aka aiko ni. Ta faɗi kuɗin da ko kaza ba zai saya ba, na ce ta ƙara, ta ce ta rage. Malam Isuhu ya ce tunda yake bai taɓa ganin ciniki a juye ba sai yau. A ƙarshe na ba ta abin da ta ce, na ɗora mata atamfa turmi guda. Ta haɗa mini da ɗan gwangwanin allurai, ta gargaɗe ni cewa kowace allura sau ɗaya ake sa ta, kuma kowane ji yana ɗan cin faifan.

A falonta muka gwada. Ita ta wana, ita ta ɗora allura. Aka fara da shuuu, kamar ruwa a kan kwano. Sai kiɗan ƙwarya ya fito, sai zabiya ta ɗaga murya, sai mata uku suka amsa. Ina da jika a lokacin, amma na zauna a ƙasa kusa da akwatin nan kamar yarinya. Muryoyin a tare suke tashi, a tare suke sauka, yara ne ma, da ƙuruciyarsu da nishaɗinsu. Aka gama, na sa aka sake. Misis Loreta, da yake Malam Isuhu ya gaya mata uwata na cikinsu, ta ɗaga yatsu uku, ta nuna ni, tana tambaya wacce. Na buɗe hannuwana. Uwata na cikin ɗakin tana waƙa, ban san ta ba. Na yi kukan da ban yi ba tun zuwana ƙasar, tsohuwar nan ta riƙe kaina a cinyarta tana faɗin abin da ban ji ba.

Ban jira Juma'a ba. Na kira gida, na ce, "Yaya, an samu! Irin na Baba sak. Bari in kara maka waya ka ji."

"Kada ki sa."

"Yaya, ga shi a gabana, na riga na wana."

"Na ce kada ki sa, Talle. Ni na aike ki ki kawo mini, ban ce ki jiyar da ni ta igiya ba. In na nuna miki ita a waya, me ya rage da zai kawo ki gida?"

Na ɗauka wasa yake, na saki allura. Ya kashe wayar. Na sake kira, ɗansa ya ɗauka ya ce Baba ya ce a gaishe ni, ya shiga ciki. Na ji haushinsa ƙwarai, don na san gaskiya ya faɗa.

Takardun suka fito da sanyin shekara ta uku. Na kwana biyu ina juya maganar a baki. Da yake ba zan iya fuskantar Likita ba, sai na bi ta hanyar da iyayenmu ke bi. Tana tsaye a kicin, na ɗora Amira a cinya na ce da ƙarfi, "Amira, ki gaya wa uwarki kakarki za ta gida. Yayanta ya tsufa, akwai saƙonsa a hannunta."

Ruwan famfo ya tsaya. Likita ta fito tana goge hannu, ta durƙusa a gabana, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Mama, na san kin gani, ba ki dai ce komai ba. Cikin wata biyar ne. Jinina yana hawa, sun ce wata ƙila sai an yi mini aiki. Ba zan hana ki ba, wallahi, gobe ma sai a sayi tikiti. Tsoro kawai nake ji."

Na gani mana, wace uwa ce ba ta gani? Na yi ta kawar da ido ne don na san abin da ganin zai jawo mini. Ni da uwata ta tafi a kan gwiwa, wa zai ce in bar 'yata a kan gwiwa a ƙasar da ba ta da kowa? Gaba kura, baya sayaki. Na ce wa Amira ta gaya wa uwarta ta tashi, ƙasa da sanyi. Aka sayi tikiti na bayan arba'in.

Da na gaya wa Yaya ya ce, "Arba'in ɗinki ta farko shekara uku ta ci. To, Allah Ya sauke ta lafiya. Zan jira, in an bar ni."

Aka yi aiki, aka ciro namiji, Likita ta sha wuya amma ta tashi. Mun yi suna da 'yan kwanaki ɗan Yaya ya kira ya ce jikin Baba ya yi tsanani, ba ya cin abinci, kuma yana nemana. Aka kara masa waya. Muryarsa ta koma ƙarama.

"Talle, sa mini."

Na ɗauko akwatin na ajiye a tsakar falo, na sa sabuwar allura, na kara wayar a bakinsa. Likita ta fito daga ɗaki tana dafa bango, ta tsaya. Waƙar ta yi ta ƙare. Na mayar da wayar kunnena.

"Ƙara," in ji shi.

Na canza allura, na ƙara. Na matsar da wayar, na nisantar da ita, na rufe ƙofa, na kashe firji don kada ƙararsa ta shiga. Sau huɗu muna yi. A na ƙarshe na ji numfashinsa kawai, sannan ya ce, "Ina jin ƙwarya. Ina jin ana amshi. Amma wayar nan ta dama su wuri ɗaya, Talle, ba na iya warewa. Da kina kusa da na nuna miki da yatsa." Ya huta, ya ce, "Ki yafe mini taurin kai." Na ce shi ya yafe mini daɗewa. Ya ce babu komai, in shafa masa kan yaron.

Bai kai arba'in ɗin ba. Da hantsi aka kira, ina tsaka da yi wa jariri wanka, na gama wankan na shafa masa mai na sa masa riga kafin na zauna.

Na je gida da tikitin nan, da akwatin a hannuna, ban yarda an sa shi cikin kaya ba. Na yi gaisuwa, na ga kabari. Na tara 'yan tsofaffin da suka rage a unguwa na sa musu faifan. Wata ta ce ta tuna zabiyar, wata ta ce ta tuna waƙar, har ta ɗan bi amshin da bakinta marar haƙora. Da na tambayi wacce ce matar Malam na reluwe, sai suka dubi juna. Wata uku na yi, Likita ta fara kira, yara biyu sun fi ƙarfinta, takardun zaman kuma an ce ba sa son a daɗe a waje. Na sake ɗaukar akwatina na dawo Greenbelt.

Har yanzu ina nan. Ba na yawan sa faifan, don ya fara dusashewa, shuuu ɗin na ƙara rinjayar waƙar. Wani lokaci in ce wannan mai siririyar murya ce, washegari in ce a'a, mai kaurin ce, don ta fi kama da tawa. Na daina zaɓe. Sunan uwata na sani, amma sauran biyun ban san sunansu ba, ban san ko sun bar mai tuna su ba. In na idar da salla na yi wa Baba da Yaya addu'a, sai in yi wa matan nan su ukun gaba ɗaya, don kada in tsallake uwata.